Gudun ƙara ba gudun dangi ba ne

A ƙasar Hausa hayaniya alamar arziki ce: gidan da ya yi tsit ranar suna ko ranar ɗaurin aure, gida ne da ba shi da jama'a. Amma akwai wasu bayin Allah, yara da manya, waɗanda guɗa da lasifika da kukan moto ke yi wa ciwo kamar yadda garwashi ke yi wa tafin hannu. Da yawa daga cikinsu masu otisim ne, kuma rashin sanin haka ya sa a ke dukan wasu, a ke fidda wasu daga lakwal, a ke kiran wasu masu girman kai.

Tun daga asuba har bayan lisha, birni irin Maraɗi ko Damagaram ba ya rufe baki. Injin niƙa ya tashi, ƴan kabu-kabu su biyo da oda, masu walda da maƙera su kama aiki, mai tallar magani ya ɗora lasifika bisa amalanke. A watannin Afrilu da Mayu, in wuta ta ɗauke, kowane shago sai ya tada injinsa. Wanda ya taɓa ratsa kasuwar Dole ko kasuwar Katako ta Yamai da hantsi ya san sai an ɗaga murya a ke ciniki. Duk da haka yawancin mutane ba su damuwa, domin ƙwaƙwalwa ta saba tankaɗe sauti: ta riƙe maganar abokin ciniki, ta watsar da sauran. To, a wurin mai otisim wannan rariya ce ba ta aiki kamar ta kowa.

Mene ne otisim?

Otisim hali ne da a ke haihuwar mutum da shi, wanda ya shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Alamunsa kan bayyana kafin yaro ya cika shekara 3: jinkirin magana ko rashinta, ƙin haɗa ido, son abu guda a kullum ba canji, maimaita wani motsi kamar kaɗa hannu ko jijjiga jiki. Wasu kafofin labarai na Hausa na kiransa galahanga, sai dai kalmar ta haɗa shi da wasu larurori daban, alhali cikin masu otisim akwai wanda ba ya magana sam, akwai kuma malamin jami'a. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kimanin mutum 1 cikin 127 na da shi a duniya. Binciken masana ya nuna gado na da babban hannu a ciki. Ba rashin tarbiyya ke kawo shi ba, ba kuma allurar rigakafi ba.

Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana shi dalla-dalla, Leo Kanner na birnin Baltimo a Amurka, ya yi rubutu a 1943 game da yara 11 da ya duba. Tun a lokacin ya lura cewa abubuwan da ba su kai a kula ba, irin injin shara ko kugin iska, na jefa waɗansunsu cikin firgita. Amma sai da aka shekara 70, a 2013, kafin babban kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sanya wannan matsala ta ji da gani da taɓawa cikin alamun da a ke gane otisim da su.

Kunnen lafiya lau ya ke

Abin da ke ruɗa iyaye shi ne, in an auna jin irin wannan yaro, sau da yawa a kan tarar kunnensa garau. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da a ke kira desibel: hira tsakanin mutum biyu ta kan tsaya wajen 60, kukan moto a kusa ya kan kai 90. OMS na gargaɗin cewa babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako cikin ƙarar da ta kai 80, in yana son jinsa ya ɗore. Wannan iyaka ce ta lalacewar kunne. Ga mai otisim kuwa, zafin na iya farawa can ƙasa da haka, kuma ba ƙarfin sautin kaɗai ke cutarwa ba. Ƙarar da ta zo ba zato, kamar faɗuwar kwano ko fashewar taya. Ƙara mai tsini, kamar guɗa ko usur. Da muryoyi goma da suka cakuɗe wuri guda, su ne suka fi yi masa illa.

Akwai kuma abin da ya yi kama da saɓani. Yaron da a ke kira sau biyar bai waiwayo ba, har a yi zaton kurma ne, shi ne zai toshe kunne tun moto na can ƙarshen layi. Yaron da ke gudun kiɗan biki, shi ne zai wuni yana buga gwangwani. Dalili kuwa, ƙarar da ya ke yi da hannunsa ya san lokacin da za ta zo da lokacin da za ta tsaya.

Wahalar kuma taruwa ta ke yi kamar ruwa a tulu. Zafin rana, warin hayaƙi, sabuwar shadda mai kartar wuya, hannuwan baƙi masu shafa kai, ga lasifika: kowane na ƙara nasa, har tulun ya cika. A nan ne wani zai fashe da kururuwa, ya faɗi yana birgima, ko ya ciji hannunsa. Wani kuma sai ya daskare, magana ta ɗauke masa. Wannan ya sha bamban da rigimar yaro mai son alewa, wanda ke kuka yana satar kallon uwarsa, ya yi shiru da an ba shi. Wanda tulunsa ya cika ba ya neman kome sai mafita.

Wadda ta faɗi abin da yara ba su iya faɗi

Duniya ta ƙara fahimtar wannan al'amari ta bakin masu otisim da kansu, kuma babu wadda ta yi suna a cikinsu kamar Temple Grandin. An haife ta a Boston a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara 3, mahaifiyarta kuma ta ƙi yarda a kulle ta a gidan masu taɓin hankali kamar yadda a ke yi a zamanin. Da ta girma ta rubuta littattafai, na farko a 1986, inda ta bayyana cewa ƙararrawar makaranta da hayaniyar bukin yara ciwo na gaske su ke yi mata, kuma yawancin ihun da ta yi tana ƙarama, na neman tsira ne.

Tana budurwa ta je hutu garken gwaggonta a jihar Arizona, ta ga yadda saniya ke natsuwa in an matse ta cikin wani keji domin yi mata allura. Tana da shekara 18 ta ƙera wa kanta irinsa, ta riƙa shiga in hankalinta ya tashi. Ta samu digirin dokta kan ilimin dabbobi a 1989, ta zama farfesa a jami'ar jihar Kolorado. Aikin da ya ɗaukaka ta shi ne gyaran turakun shanu da mayanka. Inda ma'aikata ke ganin taurin kan saniya su ɗauko sanda, ita sai ta shiga hanyar da kanta ta duba: sarƙa ce ke lilo, ƙarfe ne ke bugun ƙarfe, inuwa ce ta gitta, ko ihun masu kora ne. In an kau da abin, sai garke ya wuce salin alin. Duk makiyayin Azawak ko Tadres ya san gaskiyar wannan. Darasin da iyaye da malamai za su ɗauka shi ne, kafin a tuhumi wanda ya toge, a fara duba wurin.

Lakwal, biki da fada

A lakwal, ƙarfen ƙafar mota da a ke bugawa a matsayin ƙararrawa, da ajin da ɗalibai suka cika maƙil suna maimaita karatu da murya ɗaya, da ruwan sama bisa rufin kwano, sun isa su hana irin wannan yaro jin ko kalma guda daga bakin mushe. In ya toshe kunne a ce raini ne, in ya ruga waje a ce gudun karatu ne. Bulala ta biyo, gobe ya ƙi zuwa, daga nan karatu ya ƙare, ko da kuwa yana cikin masu kaifin kai.

A gidan biki nauyin kan uwa ya ke faɗawa, don an ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Dangin miji su ce ta sangarta shi, maƙwabta su ce baki ne. Sannu a hankali sai ta daina fita da shi, daga baya ita ma ta daina fita.

Manya kuwa wahalarsu a ɓoye ta ke. Saurayin da ba ya iya zama a fada in an kunna kiɗa ga gardamar ƙwallo, a kan ce ba ya son mutane. Matar da ta zo suna ta yi barka ta sulale kafin makaɗa su fara, a kan ce ta yanke zumunci. Wasu na daurewa saboda kunya, su yi murmushi har a watse, sa'an nan su kwana biyu ba su iya kome don gajiya. A inda a ke auna mutunci da halartar taro, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne: yana iya hana mutum aure, ko ya raba shi da ubangidansa a wurin sana'a.

Akwai wani wuri da ya kamata a yi hattara ƙwarai. Yaron da ya faɗi yana ihu, abin da a ke fara zato shi ne iska. Wasu su kai shi gidan bori, ga goge ga garaya. Wasu su kai shi ruƙiya, a riƙe shi da ƙarfi, a ɗaga murya daf da kunnensa, a turara masa hayaƙi. In ya ƙara kururuwa sai a ce ga aljanin ya yi magana, alhali abin da ya kada shi tun farko ne aka ninka masa. Babu mai hana iyaye neman addu'a ga ɗiyansu, amma addu'a ba ta buƙatar tsawa, kuma malamai na gari sun san haka.

Abin da a ke iya yi

Babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da otisim, duk wanda ya ce yana saida ta kuɗi ya ke nema. Amma sauƙaƙa rayuwa ba ya cin dukiya. Matakin farko shi ne a kai yaro likita a duba kunnensa, domin ciwon kunne ma na sa yaro ya riƙa kama shi, sa'an nan a nemi ganin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa. Na biyu, a riƙa sanar da shi kafin ƙara ta zo: za a tada inji, za a yi guɗa, makaɗa sun iso. Na uku, a tanadi wurin fakewa, ɗaki a ƙurya ko gidan maƙwabci, wanda zai iya zuwa ba sai ya roƙa ba. In abin ya riga ya taso, a fidda shi daga taro, a rage magana, kada a yi masa tambayoyi, a jira. Faɗa da nasiha ba su shiga a wannan lokaci. Jijjiga jiki ko kaɗa hannu da ya ke yi, in ba ya cutar da kowa, a ƙyale shi, da shi ya ke kwantar da hankalinsa.

Abin toshe kunne na da amfani a kasuwa ko wurin biki, amma Temple Grandin da likitocin ji na gargaɗin kada a wuni da shi, don kunne na ƙara laushi in ya saba da shiru. Ta kuma ba da shawarar a bar yaro ya kunna abin da ke tsorata shi da hannunsa, ya kashe da kansa, kaɗan-kaɗan har ya saba. Mushe kuwa na iya zaunar da shi gaba kusa da ƙofa, ya yi masa alama kafin a buga ƙarfe.

Wasu ƙasashe sun kai abin ga wuraren jama'a. A Ingila shagunan Morrisons sun ware awa guda ta shiru kowace Asabar a 2018. A Faransa shagunan Carrefour sun bi sawu a 2021, ana kashe kiɗa a rage fitilu. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2022 a Katar an keɓe ɗakunan natsuwa a wasu filayen wasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, tun 2007, ta tsaida 2 ga Afrilu a matsayin ranar otisim ta duniya. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma kafa doka game da su a 2019. Ba za a kashe kasuwar Dole awa guda ba, amma a ɗakin jiran likita, da aji, da gidan biki, juya lasifika ta fuskanci titi ko rage mata murya aikin minti ɗaya ne.

Zumunci a ƙafa ya ke, in ji Hausawa, ba su ce a kunne ba. Wanda ya tako ya zo, ya gaida mutane, ya koma gefe inda ya ke iya numfashi, ya sauke haƙƙin dangi. Saura dangi su sauke nasa, su bar masa gefen. Allah ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri, ya ba jama'a fahimta.