Hayar ben ta shara a Faransa: abin da ake zubawa, da abin da ke jawo tara

Da yawa daga cikin ƴan Nijar da ke ci-rani a Faransa a shantiye suke neman abinci: rushe bango, gyaran tsofaffin gidaje, sa tayil, kwashe tarkace. Wasu sun kai ga buɗe ɗan kamfaninsu, suna karɓar aiki da sunansu. Duk wanda ya shiga wannan sana'a zai haɗu da ben, wato babban akwatin ƙarfen da mota ke kawowa ta ajiye a ƙofar wurin aiki, a cika shi da shara, ta dawo ta ɗauka. Mai kallo daga nesa zai ce bola ce kawai. Amma a doka kowace ben tana da irin sharar da aka yi hayarta dominta, kuma abu ɗaya da bai kamata ya shiga ba yana iya cinye ribar aikin gaba ɗaya.

A Maradi ko Damagaram, ɓaraguzan gini ba sa kwana. Kafin damina maƙwabta za su roƙa, a cike ramin kwararo da su. A Faransa kuwa dokar kare muhalli ta ce wanda ya samar da shara, shi ke da alhakinta har ta isa inda za a sarrafa ta, ko da ya miƙa ta ga wani. Aikin gine-gine kaɗai yana fitar da shara sama da tan miliyan 40 a shekara a ƙasar, shi ya sa hukuma ba ta wasa da batun.

Ben ta ɓaraguzai

Wannan ita ce mafi arha, kuma ita aka fi ɓatawa. Ana zuba mata abin da ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, ba ya sakin guba: kankare, bulo, jan birki, duwatsu, tayil, tsakuwa. Ana niƙa su ne a yi shimfiɗar hanya ko a mai da su cikin sabon gini, don haka dole su kasance da tsabta. Itace, leda, buhun siminti da ragowar abincin ma'aikata ba su da wuri a ciki. Ƙasar haƙa ma wasu kamfanoni daban suke karɓarta, sai a tambaya.

Babban tarkon shi ne filatir, wato farin allon da ake raba ɗakuna da shi, wanda ma'aikata ke kira Placo. A ido kamar ɓaraguzai yake, amma yana narkewa a ruwa, yana lalata kankaren da aka niƙa, kuma idan ya haɗu da shara mai ruɓewa yana fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Nasa wurin daban ne.

Akwai kuma batun nauyi. Mita kubik ɗaya na ɓaraguzai yana kai wajen tan ɗaya da rabi, shi ya sa ake ba da ƙaramar ben mai mita kubik 8 ko 10. Wanda ya cika mai 30 da kankare, mota ba za ta iya ɗaga ta ba, shi zai sauke da hannunsa.

Ben ta gaurayen shara

Ita ce ke karɓar shara marar haɗari: katako, ƙofofi, ƙarafa, kwali, roba, bututun ruwa, tsofaffin kujeru. Ta fi tsada saboda sai an tsince ta a masana'anta. A 2021 doka ta wajabta wa masu aikin gini ware shara kashi bakwai: takarda da kwali, ƙarfe, roba, gilashi, itace, ɓaraguzai da filatir. An yi sassauci ga ƙananan shantiye da waɗanda ba su da filin ajiye akwatuna da yawa, amma wanda ya ware tun farko shi ke biyan kuɗi kaɗan. Ƙarfe da tagulla ma sayensu ake yi, asara ce a jefa su cikin gauraye.

Abin da ba ya shiga ko kaɗan

Gwangwanin fenti, tina, gam, man inji da ya mutu da maganin ƙwari duk shara ce mai haɗari. Ana kai su deshetri, wato wurin karɓar shara na gunduma, ko wurin da aka keɓe wa ƴan sana'a.

Tukunyar gas da abin kashe gobara suna fashewa idan inji ya matse su, ko da an ɗauka babu komai a ciki. Batir, musamman na litiyam da ke cikin salula, injin huda bango da keken lantarki, yana kama wuta idan ya fashe, kuma yana cikin abubuwan da ke haddasa gobara a wuraren tsintar shara. Firiji da na'urar sanyaya ɗaki suna ɗauke da gas mai illa ga sararin sama. Kantin da ya sayar maka da sabo wajibi ne ya karɓi tsohon kyauta. Taya kuma gareji ke karɓa lokacin da aka canja ta. Allurai da magunguna, kantin magani ake mai da su.

Amiyant, ƙurar da ke kisa a hankali

A nan maganar ta wuce ta kuɗi. Faransa ta haramta amiyant tun ranar 1 ga Janairu 1997, amma har yanzu yana nan a cikin gine-ginen da aka yi kafin lokacin: kwanon rufi na siminti mai tudu da kwari, tsofaffin bututu, tayil ɗin roba na ƙasa da gam ɗin da aka liƙa shi da shi. Muddin ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Da an fasa, an yanka ko an jefa shi cikin ben, sai ya saki zare mai laushin da ido ba ya gani, ya maƙale a huhu. Cutar, har da kansar huhu, tana bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 40. Saurayin da ya shaƙa yau yana iya komawa gida, ya yi gini, ya yi iyali, sannan ciwon ya same shi ba tare da kowa ya san asalinsa ba.

Doka ta tilasta wa mai gida ya sa ƙwararre ya binciki amiyant kafin a fara aiki a tsohon gini. Ma'aikatan da aka horar kaɗai ke taɓa shi, ana naɗe shi a leda mai alama, ana bin sawunsa da takarda har inda za a binne shi. Idan shugaban shantiye ya ce ka fasa irin wannan rufi da guduma, ka nemi ganin takardar binciken. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci damar janyewa daga aikin da yake ganin babban haɗari ne ga ransa, ba tare da an yanke masa albashi ba.

Idan an saɓa

Ana duba kowace ben a wurin saukewa. Idan aka tarar da filatir cikin ɓaraguzai, sai a sauya mata aji, a caje ta da farashin gauraye. Idan abu mai haɗari ne, ana iya dawo maka da ita, ka biya kuɗin mota da na tsinta. Wadda aka cika ta wuce baki, direba ba zai ɗauka ba. Ajiye ta a bakin titi kuma sai da izinin ofishin magajin gari. A riƙa rufe ta da tanti da dare, domin abin da maƙwabci ya jefa a ɓoye, wanda ya yi haya ake tambaya.

Wasu, don gudun wannan kashe kuɗi, sukan loda tarkace a mota su zubar a bayan gari. Tarar hakan tana kai Yuro 1,500, kusan miliyan ɗaya na sefa, kuma ana iya ƙwace motar. Magajin gari yana da ikon ƙara tara har Yuro 15,000, kamfani kuwa yana iya fuskantar kotu. An tsaurara hukuncin ne a dokar Fabrairu 2020, watanni bayan mutuwar Jean-Mathieu Michel, magajin garin Signes a kudancin ƙasar, wanda mota ta buge ranar 5 ga Agusta 2019 lokacin da ya je hana wasu ma'aikata zubar da ɓaraguzai a bakin hanya. Ga baƙon da ke jiran sabunta takardun zama, shiga kotu kan shara ba ƙaramar matsala ba ce.

Kafin ka sa hannu a takardar haya, ka faɗa wa kamfanin ainihin abin da za ka zuba, ka nemi jerin abubuwan da ba ya karɓa a rubuce, ka tambayi iyakar nauyi da kuɗin kowane tan da ya ƙaru. Idan kai ke karɓar aiki, ka sa kuɗin kwashe shara cikin takardar farashin da kake ba mai gida, kamar yadda doka ta tanada tun Yuli 2021, kuma ka adana rasiɗin wurin da aka sauke ta. Ranar da aka zo bincike, wannan takardar ce shaidarka.