Ƙarfin ɗan kokowa a tsakiyar jiki yake

A Tawa aka soma gasar kokowar ƙasa ta Nijar a shekarar 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya tafi da takobi. Har yau samarin Kalfu da ƙauyukan Adar na gwada ƙwanji bayan kaka, galibinsu kuwa damtse da ƙirji suke kiwo. Amma in an kama, an sarƙe, aka shiga turereniya, abin da ke hana mutum zuwa ƙasa tsokar ciki ce da ta ƙugu.

Tsokar nan hawa-hawa take. Akwai doguwa da ta sauko daga haƙarƙari zuwa mara, akwai na gefe masu murɗa jiki, sai ta can ciki da ta zagaye tumbi kamar ɗamara, ita ke tallafe ƙashin baya lokacin da mutum ke jan guga a rijiya mai zurfi ko haƙar tassa a fako.

Motsa ta ba ya son kayan aiki, tabarma ta isa. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. A ɗago kai da kafaɗu kaɗan, har allon kafaɗa ya rabu da tabarma, ana fitar da numfashi. A tsaya jim, a koma sannu. Gaggawa ce ke ɓata aikin. Mai fizgar jiki sau hamsin, hannu na jan ƙeya, wuyansa da tsokar gaban cinya yake wahalarwa, cikin na hutawa abinsa. Goma a natse, har a ji ciki na ɗan karkarwa, sun fi.

Stuart McGill, masanin ƙashin baya na jami'ar Waterloo a Kanada, ya ja kunne cewa yawan lanƙwasa baya na gajiyar da faifan da ke tsakanin gaɓoɓinsa. Shi ya sa ya fi son a miƙe ƙafa ɗaya, a sa tafin hannu ƙarƙashin ƙugu, a ɗago kaɗan a riƙe kamar daƙiƙa 10.

Masu teɓa kuma kada su sa rai: wannan motsi ba ya narkar da kitsen tumbi, sai an rage ci an ƙara tafiya. Mai gwaiwa, mai ciwon baya da mai jego su ga likita tukuna.