Yanka a Kan Takarda: Sabon Salon Ɗinki a Gidajen Cikin Birnin Kano

Telan Kano na asali ba ya neman takarda kafin ya yanka kaya. Ya ɗauki awo da tef, ya shimfiɗa yadi, ya ja layi da alli, almakashi ya bi. Ilimin yana cikin kansa da hannunsa, kuma sai yaro ya yi shekaru yana guga da ɗinkin maɓalli kafin a yarda ya taɓa almakashi. Amma yanzu a lungunan cikin ganuwa, daga Yakasai zuwa Gwale da Mandawari, ana samun 'yan mata da matan aure da suke sauko da zanen yanka daga intanet, su kai shagon kwamfuta a buga musu, su liƙa takardun da salatif, su ɗora a kan atamfa su yanka.

Dabarar ta tsufa a waje. Tun 1863 Ebenezer Butterick ya fara sayar da zanen yanka mai girma daban-daban a Amurka, mujallar Burda ta Jamus kuma ta fara saka shi cikin shafukanta a 1952. Abin da ya kawo ta tsakar gidajenmu shi ne wayar hannu, sai kuma tsadar kaya. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, kuɗin turmin atamfa a Kantin Kwari ya kai inda mai koyo ba za ta iya gwada hannunta a kansa ba. Kuskure a takarda asarar 'yan nairori ce. Kuskure a yadi shida kuwa kuka ne. Ga kuma takaicin alkawarin tela a jajibirin Sallah, ga matan da zaman aure bai ba su damar zuwa shago koyon sana'a ba.

Amfanin a fili yake. Wadda ta daidaita zane ɗaya da jikin 'yarta za ta yi ta maimaita shi, hammata da wuya su fito daidai kowane lokaci. Amma wahalar ta fi yadda ake faɗa. Yawancin zanen Amurka an tsara shi ne a kan takarda mai faɗin milimita 216 da tsawon 279, mu kuwa A4 muke amfani da ita, mai 210 da 297. Mai shagon kwamfuta, wanda ya saba da buga takardun makaranta, sai ya bar firinta ta rage zanen don ya shiga shafi. Ragin ba ya ganuwa a ido, amma in aka haɗa shafuka da yawa sai riga ta matse a ƙirji. Shi ya sa ake saka ɗan murabba'in gwaji a shafin farko. Duk wadda ba ta auna shi da tef ba kafin ta buga sauran, ta jawo wa kanta. Sannan zanen ba don jikinmu ko suturarmu aka yi shi ba. Bai san furen atamfa da dole ya fuskanci gefe ɗaya ba, bai san yalwar da doguwar riga ke bukata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kayanmu ba sa cikin wannan harka. Alhali zane a takarda ba baƙo ba ne a nan: masu zanen aska biyu da aska takwas na babbar riga, da masu zanen hula da mata ke cikewa da zare a gida, sun daɗe suna ajiye samfurinsu, har David Heathcote na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi bincike a kan wannan fasaha a shekarun 1970. Yankan ne kawai ya rage a ƙwaƙwalwar tsofaffin teloli, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da nasa.

Ya kamata ƙungiyoyin teloli da makarantun koyon sana'a na jihar su zauna da waɗannan dattawa, a zana yankan kaftani da babbar riga da bubu a kan A4, da bayani cikin Hausa, a sayar wa matan gida a farashin da za su iya.