Ƙuduji: Ciyawar Da Ba Ta Tsira Sai Ta Ji Ƙanshin Saiwar Hatsi

A gonakin jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, manomi kan ga furen ƙuduji mai ruwan hoda ya bayyana tsakanin hatsi a tsakiyar damina. A lokacin ɓarna ta riga ta yi nisa, domin ciyawar, wadda wasu ke kira wuta-wuta, ta kwashe makonni a ƙarƙashin ƙasa tana maƙale da saiwar hatsi ko dawa, tana tsotse ruwa da abincin shuka.

Ƙarfin ƙuduji yana cikin irinsa. Tushe guda kan zubar da ƙwayoyi dubun-dubata, ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya kwana fiye da shekara 10 a ƙasa ba su mutu ba. Ga yawancin tsirrai, sinadarai biyu ne ke jan ragamar tsira: ABA yana riƙe ƙwaya cikin barci, giberelin kuma yana tada ta idan danshi da zafi sun dace. Ƙuduji ya ƙara sharaɗi a kan haka. Da farko sai ƙwayar ta yi mako ɗaya zuwa biyu cikin danshi da zafin kusan digiri 30, irin yanayin farkon damina. Ko bayan nan ba ta motsawa sai ta ji wani sinadari da saiwar hatsi, dawa ko masara ke fitarwa, mai suna sitirigolakton.

Masana a Amurka ne suka fara gano nau'insa na farko a saiwar auduga cikin 1966. A 2008 aka tabbatar cewa yana daga cikin sinadaran da shuka ke tafiyar da girmanta da su, shi ne ke taƙaita yawan rassa. Shuka kuma tana tura shi cikin ƙasa don kiran wasu ƙananan halittu da ke taya saiwa jawo fosfor. Wannan kiran ne ƙuduji ke tsinta.

Nan ne dalilin da ya sa ciyawar ta fi addabar gonar da ta gaji. Idan ƙasa ta rasa fosfor, saiwa takan ƙara fitar da sinadarin, ƙwayoyin ƙuduji da yawa su farka. Taki ko kashin dabbobi yana rage kiran. Ɗan takin zamani cikin ramin shuka, dabarar da cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa a Nijar, yana taimakawa ta wannan hanya.

Ƙwayar tana da rauni ɗaya: guzurinta kaɗan ne. Idan ta tsira ba ta sami saiwar kamawa ba cikin ƴan kwanaki, mutuwa take yi. Gyaɗa, waken soya da auduga suna tada ƙudujin hatsi amma ba ya iya rayuwa a jikinsu, don haka sauya shuka yana rage irin da ke kwance. Wake ma yana yin wannan aiki, sai dai shi ma yana da nasa nau'in ƙudujin. Akwai kuma irin dawa kamar SRN39 wanda saiwarsa ba ta tada ƙwayoyin sosai.

A Amurka, bayan ɓullar wani nau'in ciyawar a jihohin Karolina cikin shekarun 1950, an riƙa cusa iskar etilin cikin ƙasa don ƙwayoyin su tsira su mutu. Dabarar ta yi aiki, amma tsadarta ta fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Abin da ke hannun kowa shi ne tuge ƙuduji kafin ya yi iri, a fitar da shi daga gona a ƙone. Tushe ɗaya da aka bari ya nuna yana iya barin wa gonar aikin shekaru, har ma ta maƙwabci, tunda iska, ruwa da ƙafar dabbobi duk suna ɗaukar irin.