Ina Gizo Ke Saƙa? Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Shafin Intanet Nawa

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon jarrabawa ko cike takardar neman shiga makaranta ta intanet ya san zaman da akan yi ana kallon shafi yana juyi ya ƙi buɗewa, kuɗin data na zurarewa, ranar rufewa kuma na ƙaratowa. Abin da akan ce shi ne sabis ba kyau. Wani lokaci hakan ne. To amma sau da yawa laifin yana cikin umarnin da aka rubuta wa shafin, kuma masana suna da hanyar da suke bi har su kai ga ainihin layin da ke cin lokaci. Wannan maƙala za ta bayyana wannan hanya, ta kuma nuna cewa tushenta ɗaya da wata doka da ɗaliban ilmin halittu suka daɗe da sani.

Rubutun Umarni da Tafiyar Shafi

Lokacin da Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar kafa yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, shafi tamkar takarda yake: abin da aka ajiye shi ake miƙa wa kowa. A 1995 aka fito da harsuna biyu na rubuta umarni da suka taimaka wajen sauya haka, wato PHP na Rasmus Lerdorf da JavaScript na Brendan Eich. Rubutun umarni jerin ayyuka ne da kwamfuta ke bi daki-daki domin ta haɗa shafin a lokacin da aka neme shi. Na PHP yana aiki ne a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Na JavaScript kuwa galibi a cikin wayar mai karatu yake aiki.

Ke nan idan aka latsa maɓalli, lokaci na iya salwanta a wurare huɗu: a kan hanya, a cikin saba, a rumbun bayanai inda saba ke ɗauko sunaye da alƙaluma, ko a cikin wayar kanta. Mai kallo nawa kawai yake gani, bai san daga wane wuri ta fito ba.

Dokar Abin da Ya Yi Ƙaranci

A 1905 Frederick Blackman, masanin tsirrai a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya bayyana cewa idan aiki ya dogara da abubuwa da dama, saurinsa yana hannun wanda ya fi ƙaranci a cikinsu. Ganye na buƙatar haske da iskar kabon dayoksaid da ɗumi kafin ya haɗa abinci. Idan iskar ce ta yi kaɗan, ko an ninka haske aikin ba zai ƙaru ba. Manomi ma ya san haka: gonar da ke ƙishin fosfaros ba ta farfaɗowa don an zuba mata yuriya.

A 1967 Gene Amdahl, injiniyan kwamfuta a Amurka, ya kawo irin wannan tunani cikin lissafi. Mu ɗauki shafin da ke cin sakan 10 kafin ya buɗe: sakan 8 wajen jiran rumbun bayanai, sakan 1 wajen lissafi, sakan 1 wajen sauran ayyuka. Idan mai rubuta umarni ya kwana yana gyaran lissafin har saurinsa ya ninka sau goma, shafin zai buɗe cikin sakan 9.1. Idan kuwa jiran ya rage da rabi kawai, zai buɗe cikin sakan 6. A gyaran farko an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wahalar ita ce hasashe ba ya nuna jakin. A 1971 Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya wallafa binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan shirye-shiryen kwamfuta da aka rubuta da harshen FORTRAN. Sun gano cewa galibi ƙasa da kashi 4 cikin 100 na layukan shiri su ke cinye fiye da rabin lokacin aikinsa. Saboda haka wanda ya shiga gyara ba tare da awo ba, ya fi kusa da ɓata ƙarfinsa a kan ragowar kashi 96.

Hanyoyin Awo Guda Biyu

Kayan aikin da ke wannan awo shi ake kira furofaila, ko ma'aunin lokaci. Rubutun umarni a kashe yake gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da aikinta, wata kuma takan kira wata. Ma'auni yana bin ɗayan hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce a ɗora agogo a ƙofar kowace gaɓa, a rubuta lokacin shiga da na fita. Wannan na ba da cikakken adadi, amma agogon kansa yana cin lokaci, har yakan sa gaɓa ƙarama da ake yawan kira ta yi kamar ita ce mai laifi. Masanin dabbobi ya san irin wannan matsala, domin tsuntsun da aka rataya wa na'ura mai nauyi ba ya tashi yadda ya saba.

Ta biyu ita ce ɗaukar samfuri. Ma'auni yakan leƙa, alal misali sau 1,000 a sakan, ya rubuta gaɓar da ya tarar tana aiki. Idan cikin leƙe 1,000 ya tarar da gaɓa ɗaya sau 700, to ita ke cin kimanin kashi 70 cikin 100 na lokacin. Wannan ita ce dabarar da ɗalibai ke bi a filin makaranta idan sun jefa katakon awo mai kusurwa huɗu wurare daban-daban domin ƙiyasta yawan wata ciyawa, ba tare da sun ƙirga kowane tsiro ba.

A ƙarshe ma'auni yakan ba da jadawali mai nuna sau nawa aka kira kowace gaɓa, lokacin da ta ci ita kaɗai, da lokacin da ta ci haɗe da waɗanda ta kira. Bambancin nan na da muhimmanci, domin gaɓa na iya daɗewa alhali zaman jiran wata kawai take yi. A 2011 Brendan Gregg ya ƙirƙiro wani zane mai kama da harsunan wuta, inda faɗin kowane tubali ke nuna rabonsa na lokaci, ta yadda ido zai faɗa kan mafi faɗi nan take.

Masu Laifin da Aka Fi Kamawa

Na farko shi ne yawan aike. A ɗauka shafi zai nuna makin ɗalibai 500, umarnin kuma yana tambayar rumbun bayanai ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. Idan kowace tambaya na cin kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, an yi asarar sakan 5 ke nan. Tamkar a aiki yaro kasuwa ne ya sayo gishiri, ya dawo a sake aikensa barkono, ya dawo a ce saura daddawa. Maganin shi ne a haɗa saƙon a yi aike ɗaya.

Na biyu shi ne aikin da ke ninkuwa fiye da yadda kayansa ke ƙaruwa. Ranar 20 ga Yuli, 2016, shafin Stack Overflow, wanda masu rubuta umarni a duniya ke dogaro da shi, ya tsaya cak har minti 34. Dalili shi ne wani ɗan gajeren umarni da aikinsa share tazarar da ta rage a farko da ƙarshen rubutu. Sai aka shigar da wani rubutu mai tazara kusan 20,000 a jere, da harafi a bayansu. Umarnin yakan fara daga tazara ta farko ya bi har ƙarshe, ya ci karo da harafi, ya koma ya fara daga ta biyu, haka har ya ƙare. Jimillar dubawar ta kai kusan miliyan 200, kuma da yake rubutun ya hau shafin farko, duk wanda ya buɗe sai aikin ya sake sabo. Injiniyoyin sun bayyana cewa minti 10 suka yi kafin su gano dalilin, minti 14 wajen rubuta gyara, minti 10 wajen ɗora shi. Babu sabuwar kwamfutar da aka saya.

Gwaji a Ɗakin Kwamfuta

Malami na iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da kashe ko kwabo a kan kayan aiki ba. A buɗe Chrome ko Firefox a kwamfuta, a latsa F12. Sashen da aka rubuta wa Network zai jera duk abin da shafi ya nema da lokacin da kowanne ya ɗauka, na Performance kuma zai nuna gaɓoɓin JavaScript. Masu koyon Python suna da cProfile, wanda ke zuwa tare da harshen. Kafin a duba, kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa a takarda, sannan a kwatanta da abin da awo ya nuna.

Ƙa'idojin su ne na kowane gwajin kimiyya. A auna kafin a taɓa komai. A maimaita awon, domin na farko yakan bambanta da na biyu saboda burauza tana ajiye wasu abubuwa. A sauya abu ɗaya tak, a sake awo. A kuma gwada da ƙaramar waya irin wadda yawancin jama'a ke riƙewa, domin umarnin da ke gudu a kwamfutar injiniya yana iya rarrafe a cikinta.

Daga ƙarshe, a tuna da ragowar darasin Blackman: da zarar an wadata ganye da iskar da ta yi masa ƙaranci, haske ko ɗumi ne zai zama sabon cikas. Haka ma shafi, idan aka magance jiran rumbun bayanai, wata gaɓar ce za ta hau kan jadawali. Sai a sake ɗauko ma'auni, a ci gaba da haka har shafin ya riƙa buɗewa cikin lokacin da mai jira zai iya haƙura da shi.