Ɗigar Fitsari: Larurar da Iyayenmu Mata ke Ɓoyewa

Shekaru uku da suka wuce na ɗauki wata gwaggona a mota daga Gusau zuwa Kano, a tsakiyar bazara. Duk tsawon tafiyar ba ta kurɓi ruwa ba. Da na miƙa mata gora sai ta ce, "A'a ɗan nan, ba na jin ƙishirwa," alhali leɓenta ya bushe. Na ɗauka azumi take yi. Sai bayan kwana biyu uwargidana ta warware mini zare da abawa: tun haihuwarta ta tara, in ta yi tari, ko atishawa, ko dariya mai ƙarfi, fitsari kan ɗigo mata. Shekara kusan goma tana fama, ta rage zuwa biki, ta rage shan ruwa, kullum tana cikin wasiwasin tsarkin tufafinta in za ta yi salla. Ni da nake koyar da ɗaliban sashen gashi yadda ake magance wannan larura, ga ta a cikin gidanmu ban sani ba.

Na san wasu za su ce bai dace namiji ya kawo irin wannan zance shafin jarida ba. Ina girmama kunya, amma kunyar da za ta hana dattijuwa shan ruwa a watan Afrilu ta wuce gona da iri.

Da farko a bambance wannan da yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina. Shi yoyon fitsari huda ce da doguwar naƙuda kan haddasa tsakanin mafitsara da gaban mace, fitsari na zuba dare da rana, kuma galibi sai tiyata. Abin da nake magana a kai daban ne. A ƙasan ƙugu akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu kamar raga, daga ƙashin mara zuwa ƙashin gindin baya. Su ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, su ke kuma taimakawa wajen rufe hanyar fitsari. Ciki da haihuwa kan saki wannan raga, ɗaukewar jinin al'ada kan ƙara raunana ta, haka ma ƙiba, da tari mai naci, da yunƙurin taurin bayan gida. Idan aka yi atishawa nauyi kan sauko daga ciki, ragar ta kasa riƙewa, sai ɗigo.

Tunda tsoka ce, aiki ne ke ƙarfafa ta, kamar damtsen mai daka. Zama cikin ruwan bagaruwa lokacin jego yana da nasa matsayi a al'adarmu, amma ba ya gina tsoka. Kayan matsin da ake tallatawa a kafafen sada zumunta kuwa, kuɗi kawai suke ci, wasu ma su bar mace da ƙaiƙayi.

A 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa bayani kan atisayen waɗannan tsokoki, shi ya sa har yau ake kiran atisayen da sunansa. Hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar cewa shi ne matakin farko kafin a yi zancen tiyata: aƙalla wata uku ƙarƙashin kulawar ƙwararre, matsa takwas ko fiye, sau uku a rana. Wani nazarin ƙungiyar Cochrane na 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa kashi 56 cikin ɗari na matan da suka yi atisayen sun ce sun warke, idan aka kwatanta da kashi 6 na waɗanda ba su yi ba. Magani ne da ba ya buƙatar ko sisi.

Ga yadda ake yi. Ki kwanta rigingine ki lanƙwasa gwiwoyi, ko ki zauna a kujera. Ki matse kamar mai riƙe iska kada ta fita a cikin jama'a, ki haɗa da kamar mai riƙe fitsari, sannan ki ji kina jan wurin sama zuwa ciki. Ki riƙe daƙiƙa uku ko huɗu, ki saki gaba ɗaya, ki huta daidai wannan tsawon, ki sake. A hankali, mako bayan mako, ki kai riƙon zuwa daƙiƙa goma. Bayan waɗannan sai ki yi masu sauri kamar guda goma: matse, saki. Da kin gwanance a kwance sai ki koma yi a tsaye, domin a tsaye ɗigon ya fi zuwa.

Inda aka fi kuskure shi ne nan, kuma a nan nake jan kunnen ɗalibaina. Mata da yawa, idan da baki kawai aka yi musu bayani, sai su riƙe numfashi, su ɗaure ciki da cinyoyi da ɗuwawu, wasu ma su yi yunƙuri ƙasa kamar masu naƙuda, wanda ƙara ɓarna yake yi. Numfashi ya ci gaba yadda ya saba, wanda ke zaune kusa da ke ma kada ya gane kina yin komai. Kada kuma a mayar da tsayar da fitsari ana tsakiyar yinsa ya zama atisaye, domin yana iya hana mafitsara juyewa sarai. Wannan ne dalilin da ya sa ya kamata, ko sau ɗaya ne, ungozoma ko ma'aikaciyar sashen gashi ta duba ta tabbatar tsokar da ake nufi ce ke motsi. Abin takaici, a yawancin asibitocinmu ana sallamar mai jego da bayanin rigakafin jariri da shayarwa, ba wanda ke ce mata uffan kan jikinta.

Akwai wata dabara da ke aiki tun kafin tsoka ta yi ƙarfi: da kin ji tari ko atishawa na tafe, ko za ki ɗaga bokitin ruwa, ki riga shi matsewa. Kada a ƙaurace wa ruwa, domin fitsarin da ya yi kauri yana tayar wa mafitsara hankali, ga shi rashin ruwa na jawo taurin bayan gida. Shayi mai kauri da goro su ne abin ragewa.

Idan kuwa akwai jini a fitsari, ko zafi, ko zazzaɓi, ko ana jin wani abu na saukowa ta gaba, ko fitsarin na zuba ba tsayawa bayan haihuwa mai wuya, to asibiti za a fara nufa. Haka ma wadda ta yi wata uku cur ba ta ga canji ba. Akwai matakai na gaba.

Gwaggo dai ba ni na koya mata ba, ba ta yiwuwa. Wata tsohuwar ɗalibata ce ta je har gida, ta kuma ɗaura mata atisayen da lokutan da ba ta mantawa: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha. Wata huɗu aka ɗauka. Ba ta rabu da abin ɗungurungum ba, in mura ta kama ta har yanzu takan sa ƙyalle. Amma bara da na sake ɗaukar ta zuwa Kano, tun ba mu kai Tsafe ba ta ce in miƙo mata gorar.