ƘAFARKA AMANA CE: KA DUBA TA A KOWACE ALWALA



Ko kun san ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26? Biyun 52 ke nan, daga cikin 206 da ke jikin babban mutum, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Subhanallah! Ita ke kai mu masallaci da kasuwa da gona, amma ita muka fi mantawa da ita.

Musulunci bai manta da ita ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kakkausan gargaɗi ga masu barin dugadugansu ruwa bai taɓa ba a alwala, kuma an koyar da mu tsattsefe yatsu. To mai alwala sau biyar, dama biyar ke gare shi kullum ta ganin halin da ƙafarsa take ciki.

Wannan ya fi shafar MASU CIWON SUGA. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin da ke jin zafi, ya rage gudun jini zuwa ƙafa. Sai mutum ya taka ƙusa ko takalmi ya ci shi bai sani ba. Ƙaramin ciwo ya ruɓe, wani lokacin har a kai ga yanke ƙafar. Allah ya kiyaye.

Ga abin da za a kula da shi:

1. A duba tafin ƙafa, diddige da tsakanin yatsu kullum. Dattijon da ido ya yi rauni, 'ya'ya su duba masa, lada ne.

2. A goge tsakanin yatsu bayan alwala, mafi yawan malamai sun halatta. Danshin da ke kwana a wurin shi ke jawo cin ruwa.

3. Mai kaushi ya shafa man kaɗanya da dare, amma ban da tsakanin yatsu. Kar a sa reza a yanke kaushi.

4. Lokacin hunturu, mai suga kar ya gasa ƙafa a garwashi. Ruwan zafi kuma a gwada da gwiwar hannu tukuna.

5. Yanke farce sunna ne, kar ya wuce kwana 40. A yanke shi a miƙe, ba a ƙwaƙule gefe ba. In mai yankan farce za ka kira, ba shi kayanka, don ƙarfen da ya zaga jama'a yana iya ɗauko ciwon hanta.

6. A sayi takalmi da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. A zazzage shi kafin a saka.

Mai suga da ya ga ciwo, kumburi, wari ko yatsa ya yi baƙi, don Allah kar ya tsaya ɗaure-ɗauren magani a gida. Ranar a tafi asibiti. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tabbatar da dugaduganmu a kan siraɗi. A tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ke da mai ciwon suga.